Tarihin Motar Lantarki da Juyin Sana'ar Ƙera Mota

Gabatarwa

Yawancin mutane idan suka ji an ambaci motar lantarki sukan ɗauka wani sabon abu ne da aka ƙago jiya-jiya. Tarihi bai nuna haka ba. Motar lantarki da motar fetur sa'o'in juna ne, kusan tare aka haife su a Turai a ƙarshen ƙarni na 19, har ma akwai lokacin da ta lantarkin ce ke kan gaba wajen gudu da tsabta da farin jini a wurin masu hali. Daga baya ta faɗi warwas, aka manta da ita har na kusan shekara 80, sa'an nan ta sake ɗagowa, ta yadda a shekara ta 2024, cikin kowaɗanne sababbin motoci biyar da aka sayar a duniya, ɗaya ta lantarki ce.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wannan tarihi tun daga farkonsa, a ga dalilin faɗuwar da dalilin tashin, kuma a ga yadda shugabancin sana'ar ƙera mota ya yi ta ƙaura daga wannan ƙasa zuwa waccan. Maganar ta wuce ta masu sha'awar mota. Ƙasar da arzikinta ya dogara ga sayar da ɗanyen mai, kuma take sayo kusan duk motocin da take hawa daga waje, tilas ta kasa kunne idan manyan masu sayen man nan suka fara neman hanyar tafiya ba tare da shi ba.

Kishiyoyi Uku

Tushen motar lantarki shi ne batir. A shekara ta 1859 wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙera batir na darma da ruwan asid wanda ake iya sake cajinsa idan wutarsa ta ƙare, watau kakan batirin da ke cikin kowace mota har yau. A 1881 Camille Faure ya kyautata shi, kuma a wannan shekarar ce Gustave Trouvé ya fito kan titin Faris da wani keke mai ƙafa uku wanda batir ke tafiyar da shi. Shi kuwa Karl Benz, wanda ake ɗauka shi ne uban motar fetur, sai a 1886 ya yi rajistar tasa motar a Jamus.

Kafin ƙarnin ya ƙare, motar lantarki ta shiga aikin haya. A 1897 aka fara ganin tasi-tasi na lantarki a Landan da Niyu Yok, biranen da a lokacin kashin dawaki da ƙarar kofato suka addabe su. A watan Afrilu na 1899 wani ɗan Beljiyam, Camille Jenatzy, ya yi gudun kilomita 105 a awa ɗaya a kusa da Faris, ya zama mutum na farko da ya wuce kilomita 100 a cikin mota, kuma motar ta lantarki ce. A shekara ta 1900 an ƙera motoci 4,192 a Amurka. Daga cikinsu 1,681 masu aiki da tururi ne, 1,575 na lantarki, na fetur kuwa 936 kacal.

Kowace daga cikin kishiyoyin nan uku tana da aibinta. Mai tururi sai an hura mata wuta an jira ruwa ya tafasa kafin ta motsa, ga yawan neman ruwa a hanya. Ta fetur ga ƙara, ga hayaƙi, ga wuyar sauya giya, sa'an nan ba ta tashi sai an zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a gabanta an wana da hannu, wanda idan injin ya mayar da bugu yakan karya hannun mutum. Ta lantarki ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma tafiyarta gajera ce, cajinta na ɗaukar awoyi, kuma wutar lantarki a lokacin ba ta wuce manyan birane ba. A wannan zamani ba wanda zai iya rantsuwa a kan wadda za ta yi nasara.

Yadda Fetur Ya Yi Rinjaye

Cikin shekara 15 aka raba gardama. Da farko dai, a watan Janairu na 1901 aka haƙo wata babbar rijiyar mai a Spindletop ta jihar Teksas, mai ya yi araha a Amurka. Sa'an nan a 1908 Henry Ford ya fito da motarsa Model T a kan dala 850. A 1913 ya shigo da wani sabon tsarin aiki a masana'antarsa ta Highland Park, inda motar ke tafiya a kan layi, kowane ma'aikaci yana tsaye wuri ɗaya yana ɗaura abu ɗaya. Aikin da a da yake cin awa 12 ya koma kamar awa ɗaya da rabi. Farashi ya yi ta sauka har ya kai ƙasa da dala 300 a 1925, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi sama da miliyan 15. Masu ƙera motar lantarki kuwa suka ci gaba da yin ta kaɗan-kaɗan domin attajirai, har a 1912 ana sayar da ita wajen dala 1,750.

Abin mamaki shi ne lantarki da kansa ya taimaka wajen kayar da motar lantarki. A 1912 kamfanin Cadillac ya fara sa wata 'yar na'ura da Charles Kettering ya ƙago, wadda ke tayar da injin fetur da ƙarfin batir. Daga nan wana ƙarfe da hannu ya ƙare, babban abin da ke korar mata da tsofaffi daga motar fetur ya kau. Har ila yau, hanyoyi suka fara haɗa gari da gari, mutane suka so yin nisa.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai wani dalili na kimiyya wanda ya fi su nauyi. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin yunit 12 na wuta, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Kilo ɗaya na batirin darma kuwa abin da yake riƙewa bai fi kashi ɗaya cikin 300 na wannan ba. Ko da yake injin fetur yana ɓarnatar da wajen kashi uku cikin huɗu na ƙarfin a zafi da hayaƙi, ratar ta yi yawa. Mai motar fetur yana iya ɗaukar tafiyar yini guda a cikin garwa biyu, mai ta lantarki kuwa sai ya yi dakon darma mai nauyin gaske domin tafiyar awa biyu ko uku.

A 1914 Ford da abokinsa Thomas Edison sun yi shelar za su fito da motar lantarki mai araha, amma batirin da Edison ya ƙera bai biya bukata ba, maganar ta bi ruwa. Matar Ford ɗin kanta, Clara, motar lantarki ta kamfanin Detroit Electric take hawa, sai dai irinta ba su da yawa, kuma kamfanin ya daina aiki a 1939. Abin da ya rage sai ƙananan motocin raba madara gida-gida a Ingila, da na ɗaga kaya a cikin masana'antu.

Rikicin Mai na 1973 da Tashin Japan

Shekara 60 motar fetur ta yi tana sarauta ba mai ja da ita, Amurka kuma ita ce uwar ɗakinta. A watan Oktoba na 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage haƙowa, suka kuma hana sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta. Cikin 'yan watanni gangar mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Aka ga dogayen layuka a gidajen mai na Amurka, aka sake tunawa da motar lantarki, aka yi 'yan gwaje-gwaje, amma da yake batirin bai canza ba, sakamakon ma bai canza ba.

Waɗanda suka ci ribar rikicin su ne Japanawa. Toyota da Datsun da Honda suna da ƙananan motoci marasa shan mai, ga ƙarko, kuma sun gyara tsarin Ford ta yadda ba a tara kaya a sito, ba a kuma barin kuskure ya wuce wurin da aka yi shi. A 1980 Japan ta wuce Amurka a yawan motocin da ake ƙerawa. Wannan shi ne karo na biyu da shugabanci ya koma hannun wanda ya fi iya tsara aiki, ko da yake ba shi ya ƙago motar ba.

Tashin farashin da ya jefa Amurka cikin wahala shi ne ya cika baitulmalin Nijeriya. Da kuɗin man ne gwamnati ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin Turai. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna da Volkswagen a Ikko, daga baya aka kafa masana'antun manyan motoci: Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Leyland a Badun, Mercedes a Inugu. Ƙarin albashin Udoji da bashin mota suka ba ma'aikata halin saye, Peugeot 504 ta zama motar gwamnati. Sai dai mafi yawan sassan daga waje ake kawo su, har a shekarun farko ta jirgin sama ake jigilar na Peugeot daga Lyon zuwa Kano. Saboda haka da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma karya darajar naira a 1986, sassan suka gagari saye, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano da Ikko. Za a sake komawa ga wannan darasi a ƙarshen lacca.

Yunƙurin Kalifoniya da Sabon Batir

Abin da ya sake tayar da maganar motar lantarki shi ne hayaƙi. A 1990 hukumar kula da tsabtar iska ta jihar Kalifoniya ta kafa doka cewa daga 1998 kashi 2 cikin 100 na motocin da manyan kamfanoni za su sayar a jihar su zama marasa fitar da hayaƙi, a 2003 kuma su kai kashi 10. Kamfanin General Motors ya ƙera wata mota mai suna EV1 daga 1996 zuwa 1999, guda 1,117, ya bayar da su haya ba sayarwa ba. Kamfanonin mota suka yi ta matsa lamba har da zuwa kotu, aka sassauta dokar, General Motors ya karɓe motocinsa ya murƙushe mafi yawansu. A ɗaya gefen, Toyota ta bi hanyar tsakiya, ta fito da Prius a 1997, mota mai haɗa injin fetur da batir.

Ana cikin wannan, maganin matsalar yana tahowa ta wata ƙofa dabam. A shekarun 1970 Stanley Whittingham, wanda abin mamaki a kamfanin mai na Exxon yake aiki, ya gwada yin batir da wani ƙarfe marar nauyi da ake kira litiyam. A 1980 John Goodenough na Jami'ar Oxford ya gano haɗin litiyam da kobal wanda ya ƙara masa ƙarfi. A 1985 Akira Yoshino na Japan ya gano yadda za a rage haɗarin kamawarsa da wuta, kuma a 1991 kamfanin Sony ya fara sayar da shi. Mutanen nan uku sun sami kyautar Nobel a 2019. Batirin litiyam yana riƙe wuta ninki biyar ko fiye na batirin darma mai nauyinsa. Ba domin mota aka fara yin sa ba. Na'urar ɗaukar hoto da kwamfutar hannu da wayar salula su suka yi ta sayen sa, har masana'antunsa suka yawaita a Japan da Koriya da Sin, farashinsa ya kama hanyar sauka.

A 2003 Martin Eberhard da Marc Tarpenning suka kafa kamfanin Tesla a Kalifoniya, Elon Musk ya zuba kuɗi a 2004. Dabararsu ita ce su jera dubban ƙananan batura irin na kwamfuta a cikin mota ɗaya, su fara da mota mai tsada domin masu kuɗi, sa'an nan su gangaro. Motarsu ta farko ta fito a 2008, Model S a 2012, Model 3 a 2017. Nissan ta fito da Leaf a ƙarshen 2010, General Motors kuma da Chevrolet Volt, wadda wani ɗan Sakkwato, Jelani Aliyu, ya zana siffar samfurinta na farko da aka nuna a 2007. Lissafin da ya fi kowane muhimmanci a nan shi ne na farashin batir. A 2010 batirin da ke riƙe yunit ɗaya na wuta ya haura dala 1,000, a 2024 kuwa ya sauko wajen dala 115.

A Turai wani abin kunya ne ya hanzarta al'amarin. A watan Satumba na 2015 hukumomin Amurka suka gano cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal wata dabara da ke ɓoye yawan hayaƙinsu a lokacin gwaji, kuma motocin da abin ya shafa sun kai miliyan 11. Amanar da Turawa suka ba dizal ta zube. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da doka cewa daga 2035 ba za a sayar da sabuwar ƙaramar mota mai fitar da hayaƙi ba. Ƙasar Nowe, wadda ita ma mai take sayarwa, ta riga kowa: ta yafe wa motar lantarki haraji tun shekarun 1990, ta ɗora wa ta fetur mai nauyi, har a 2024 kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocinta na lantarki ne zalla.

Zamanin Ƙasar Sin

Ƙasar Sin ta shiga sana'ar mota a makare. Tun shekarun 1980 ta tilasta wa kamfanonin waje su yi tarayya da na gida, ta zama kasuwar mota mafi girma a duniya a 2009, amma a ƙirar injin fetur ta kasa kamo Jamus da Japan, waɗanda suka riga ta da shekaru masu yawa. Shugabanninta suka lura cewa a fagen batir ba wanda ya yi mata nisa. Ga shi kuma tana sayo mafi yawan man da take sha daga waje, biranenta kuma hayaƙi ya turnuƙe su. A 2007 aka naɗa Wan Gang, injiniyan da ya yi shekaru yana aiki a kamfanin Audi na Jamus, ministan kimiyya da fasaha. A 2009 aka fara shirin sanya motocin lantarki dubu a kowane ɗaya daga cikin birane goma, aka fara da bas-bas da tasi-tasi na hukuma. Aka biyo da tallafin kuɗi ga mai saye, wanda bai ƙare ba sai ƙarshen 2022. A manyan birane kamar Shanghai, inda lambar mota take da tsada ƙwarai, aka ba ta lantarki lamba kyauta. Birnin Shenzhen ya mayar da dukan bas-bas ɗinsa, sama da 16,000, na lantarki kafin ƙarshen 2017.

Kamfanoni biyu sun isa misali. Wang Chuanfu ya kafa BYD a Shenzhen a 1995 yana yin batirin waya, ya sayi wata ƙaramar masana'antar mota a 2003, ya daina ƙera mota mai aiki da fetur zalla a 2022, ya sayar da motoci sama da miliyan 4 a 2024, kuma a 2025 ya wuce Tesla a yawan motocin lantarki zalla. Na biyu shi ne CATL, wanda aka kafa a garin Ningde a 2011, kuma shi kaɗai yake yin fiye da sulusin baturan motocin duniya. Sinawa sun kuma rungumi wani nau'in batir na litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet wanda ba ya bukatar kobal, ya fi araha, ya fi jure zafi. Bugu da ƙari, sun kama harkar tace ma'adinan, ta yadda litiyam ɗin da aka haƙo a Ostareliya da kobal ɗin da aka haƙo a Kwango mafi yawansu sai sun bi ta Sin kafin su shiga batir.

Sakamakon ya bayyana a lissafi. A 2020 motocin lantarki da aka sayar a duniya, har da masu haɗa batirin caji da injin fetur, wajen miliyan 3 ne. A 2024 sun haura miliyan 17, kuma sama da miliyan 11 a Sin aka sayar da su, watau kusan rabin sababbin motocin ƙasar. A 2023 Sin ta karɓe kambin fitar da motoci waje daga hannun Japan. Shirin bai rasa ɓarna ba: an kama masu cin tallafi da motocin ƙarya, kamfanoni da yawa sun mutu, waɗanda suka rage kuma suna ta karya farashi har riba ta yi ƙaranci. Duk da haka, a karo na uku shugabanci ya sake ƙaura.

Ja-in-ja na 'Yan Shekarun Nan

Tsofaffin masu sana'a ba su zauna sun naɗe hannu ba, amma tafiyar tasu gaba ɗaya baya biyu ce. A 2022 Amurka ta yi dokar rangwamen haraji har dala 7,500 ga mai sayen motar lantarki, a 2024 ta ɗora harajin kwastan na kashi 100 cikin 100 a kan na Sin, sa'an nan da gwamnati ta sauya aka soke rangwamen a ƙarshen Satumba na 2025. Jamus ta janye nata tallafin ba zato a watan Disamba na 2023, ciniki ya faɗi da fiye da rubu'i a shekarar da ta biyo. A watan Oktoba na 2024 Tarayyar Turai ta ƙara wa motocin lantarki na Sin haraji har zuwa kashi 35 cikin 100 a kan kashi 10 na da, kuma a watan Disamba na 2025 hukumar zartarwarta ta kawo shawarar sassauta dokar 2035.

Abin da ake tsoro shi ne aikin yi. Motar lantarki ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba ta bukatar juyen baƙin mai, sassanta masu motsi kaɗan ne, saboda haka hannuwan da ke ƙera ta ma kaɗan ne. A ƙarshen 2024 Volkswagen ya yi yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata a kan rage guraben aiki 35,000 a Jamus kafin 2030. Northvolt na Suwidin, wanda Turai ta ɗora wa burin samun batirinta na kanta, ya karye a watan Maris na 2025. Honda da Nissan sun fara maganar haɗewa a Disamba 2024, suka watse a Fabrairu 2025. Su kuwa kamfanonin Sin, da aka tare su da haraji, sai suka shiga gina masana'antu a Tailan da Barazil da Hangari, suka kuma karkata ga kasuwannin Asiya da Kudancin Amurka da Afirka.

Rabon Afirka

Afirka ta shiga wannan tarihi ta ƙofar ma'adinai. Wajen kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Kwango ta Kinshasa yake fitowa, wani sashe kuma daga ramukan da talakawa ke haƙawa da hannu, har da yara. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyam a ƙarshen 2022, tana koyi da Indunusiya wadda ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020 domin tilasta wa masu saye su gina matatu a ƙasarta. Maroko, wadda ta jawo Renault zuwa Tanja a 2012, tana ƙera motoci tana kai wa Turai. Habasha, mai yalwar wutar madatsun ruwa da ƙarancin kuɗin sayo mai, ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a 2024.

A Nijeriya ma an fara motsi. An sami dutsen litiyam a jihohin Nasarawa da Kwara da Kaduna, an kuma buɗe masana'antar sarrafa shi a Nasarawa a 2024. An haɗa motar lantarki ta Hyundai Kona a Ikko a 2020, an buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, a Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas na fetur su koma na batir. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya kai litar fetur daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 1,000 a ƙarshen 2024, ya sa lissafin mai babur da mai keke-napep ya canza. Babban cikas shi ne wuta, domin abin da ake rabawa a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 yawanci bai wuce megawat 5,000 ba. Motar lantarkin da aka yi wa caji da janareto ba ta raba mai ita da sayen mai ba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa ƙago abu dabam, mallakar sana'arsa dabam. Faransa da Jamus suka ƙago mota, Amurka ta ci moriyarta. An gano batirin litiyam a Amurka da Ingila da Japan, Sin ta mallake shi. A kowane karo wanda ya yi nasara shi ne wanda ya sauko da farashi, ya kuma riƙe abin da ya fi tsada a cikin motar, jiya inji, yau batir. Haka nan an ga bambancin gwamnatin da ta tsaya a kan manufa ɗaya shekara 15, kamar Sin, ko fiye da haka, kamar Nowe, da wadda ke sauya magana duk lokacin da aka yi zaɓe.

Ba a ce motar fetur za ta ɓace gobe ba. Akwai motoci sama da biliyan ɗaya a kan titunan duniya, mafi yawansu na fetur da dizal, kuma waɗanda Turai ta gaji da su Afirka ake turo wa. Amma a 2024 motocin lantarki sun rage wa duniya shan mai da fiye da ganga miliyan ɗaya a kowace rana, adadin da bai yi nisa da abin da Nijeriya ke haƙowa ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ɗalibin da zai zama injiniya, da ma'aikacin da zai rubuta takardar manufa a kan harajin kwastan ko lasin haƙar ma'adinai ko sayen motocin gwamnati, su ne za su yanke ko litiyam ɗin Nasarawa zai bi hanyar da ɗanyen mai da gyaɗa da fata suka bi, a fitar da shi ɗanye a sayo shi sarrafaffe. Masana'antar Kakuri ta riga ta nuna abin da ke faruwa idan aka tsaya ga ɗaura sassan da wani ya ƙera: ran da kuɗin sayo sassan suka ƙare, ran nan aiki yake tsayawa.